Muryar Ladan a Gonar Dawa

Sabon Birni,
Ranar Litinin, cikin watan Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga yayana Maliki,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Mas'uda da yara duka, ya sa albarka a kasuwarku ta albasa, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane a can Ibadan. Mu nan da rai da sauran lafiya, alhamdu lillahi. Inna tana nan, ƙafar ce dai kamar yadda ka sani, sanyin damina ya ƙara mata ciwo, amma tana cin abinci, tana sallarta a zaune. Sadiya ta yi tsawo har ta kusa kamo kafaɗata, Binta kuma ta fara zama, haƙori ya soma leƙowa. Babansu yana gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso ta bakin direban da ke kai muku kaya, cewa in tattara Inna da yara mu taho wurinku tun abin bai fi haka ba. Allah ya saka maka da alheri, Yaya, na san hankalinka yana kanmu. Na so in ba ka amsa a waya, to sabis sai an hau tudu, in an samu ma maganar yankewa take yi, kuma abin da ke bakina ba na faɗi a tsaye mutane suna saurare ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta. Gaskiya ba za ni iya tahowa yanzu ba. Kada ranka ya ɓaci sai ka karanta har ƙarshe, don abin da ka ji game da garinmu Tungar Malami guntu ne, ni kuwa ina ciki.

Ka tuna Malama Saude, wadda ke koya mana karatu a zauren gidanta bayan la'asar. Tun bara da mutanen daji sunka fara matsowa ta wajen Kurawa, ta lura karatun ba ya shiga, kowa kunnenta na bakin hanya. Ran nan sai ta rufe littafi, ta ce mu yi maganar da kowa ke gudu. Ta ce duk garin da anka watsa, waɗanda ke salwanta su ne tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda tsoro ke daskarar da su, domin a wannan lokaci kowa ta kansa yake yi, ba don mugunta ba. Sai ta haɗa mu biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, ta ce kowace ta riƙi 'yar'uwarta amana a gaban Allah, kada ta bar gari sai ta san inda take. Inna ta faɗo hannun Sadiƙa, matar maƙeri, wadda ke ɗaukar buhun gero ita kaɗai. Hadiyya, matar Marwan, anka bar mata surukarta Uwa, wadda idonta ya rufe. Ni kuwa anka ba ni Bilki, don darninmu ɗaya da ita.

Ba ka san Bilki sosai ba, bayan tafiyarka anka kawo ta amarya. Daminar bara mutanen daji sunka tare su a hanyar Burkusuma, sunka kashe mijinta a gabanta, ita kuma sunka tafi da ita. Sai bayan kaka ta dawo, ƙashi da fata. Tun daga nan magana ta ɗauke mata, in ka gaishe ta sai ta ɗaga kai kawai, in kuwa ta ji ƙarar babur, ko na ɗan kabu-kabu ne, sai ta sandare inda take kamar an dasa ta. Ba mu taɓa tambayarta abin da ta gani ba, Malama ta hana. Ni dai kullum da hantsi sai in tsallaka da tsintar wake ko sussuka, mu zauna muna aiki, ina ta surutuna ita tana shiru. Wata rana in yi mata kitso. A haka har ta soma karɓar Binta ta ɗora a cinya.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, maza da yawa sun fito nan Sabon Birni, har da baban su Binta. Hantsi ya ɗaga, ina wanke-wanke, sai na ji ƙarar babura daga gabas, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kamar ƙasa ce ke gurnani. Kafin in miƙe harbi ya tashi. Na saɓa Binta a baya, na nufi ɗakin Inna, sai na yi karo da Sadiƙa a ƙofa, ta riga ta goya Inna da zane kamar jaririya, ta riƙo hannun Sadiya. Ko kallona ba ta tsaya yi ba, ta ce in je ga tawa, waɗannan nata ne. Na ga uwata da ɗiyata sun ɓace ta bayan gida a hannun wata, zuciyata tana ce mini in bi su. Ban san yadda na juya ba, amma na juya, na keta darni.

Na iske Bilki tsaye a gindin rumbu, kwano a hannunta, idonta buɗe ba ta ganin kowa. Na kira ta, na girgiza ta, ko motsi. Harbin yana matsowa, ina jin ana fasa ƙyauren shagon bakin masallaci. Sai na kwance Binta na ɗora mata a ƙirji, na ce riƙe mini ita, Bilki, hannuna ya mutu. Kwanon ya faɗi, ta rungume yarinyar, sandarewar ta sake ta. Haka na ja ta munka faɗa gonar dawar Alhaji ta bayan gari, wadda ta fi mutum tsawo bana. Munka yi ta kutsawa ganye yana yankar mana fuska, har munka daina ganin rufin gidaje, sannan munka kwanta a kwarin kunya. Na sa wa Binta nono a baki, na rufe ta da gyale. Cinnaka suna cizona ban isa in motsa ba. Ina jin wasu matan nesa kaɗan, wata tana ta maimaita hasbunallahu a hankali, har ita ma ta yi shiru.

Mun daɗe a haka, rana ta take tsaka ta fara karkata. Harbi ya tsaya, babura sun yi shiru, sai warin hayaƙi. Can sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, muryar Ladan Shamsu ta fito, abokin nomanka, muryar da ke tashe mu sallah tun muna yara. Ya ce jama'a a fito, sun tafi, jami'an tsaro sun iso, a zo a taimaka a kashe wuta. Ya faɗa ya sake faɗa. Wallahi Yaya sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na yunƙura za ni tashi, ina tunanin Inna da Sadiya, sai Bilki ta damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta kawo bakinta kunnena, matar da rabon da in ji muryarta har na manta. Ta ce kada in tashi. Ta ce a dajin da anka tsare ta, ta ga matan da anka kamo da irin wanga kira, mutumin garinsu anka sa ya kira su. Na ce ai Ladan ne, ba ya ƙarya. Ta ce in saurari numfashinsa. Na kasa kunne, sai na ji yana haki tsakanin kalma da kalma, muryar tana rawa.

Muna kwance munka ji kara yana motsi, mutane suna fita. Na so in yi ihu in ce su dawo, Bilki ta toshe mini baki da tafinta, hawaye yana zubo mata. Ba a daɗe ba kururuwa ta tashi daga bakin gona, babura sunka sake tashi gaba ɗaya. Wannan ƙarar har yau tana cikin kaina, in ina daka sai in ji ta a cikin turmi. Ba mu fito ba sai da rana ta yi ja, da munka ji muryoyin mazanmu da sunka dawo daga kasuwa suna kiran sunayen matansu suna kuka. Ko a nan sai da Bilki ta leƙa ta gane fuskoki tukuna ta sake ni.

Sadiƙa ta kai Inna da Sadiya har cikin kwazazzabon da ke yamma, ba ta sauke Inna ba sai da ta ga ruwa a gabanta, bayanta duk ya ɗaye. Amma cikin waɗanda sunka amsa kiran akwai Hadiyya. Ashe tun da farko ta miƙa wa Malama jaririnta Mus'ab ta kan darni, ta koma ta jawo Uwa, sunka ɓuya a wancan gefen gonar. Da sunka ji Ladan, Uwa ta ce su fita, ƙishirwa za ta kashe ta. Da sunka fita, ita tsohuwar mutanen dajin sunka ture ta sunka bar ta a ƙasa, Hadiyya kuwa sunka ɗora ta a babur tare da wasu mata da 'yan mata. Har yanzu da nake rubutun nan babu labarinsu. Washegari duk garin munka kwaso abin da wuta ta bari munka taho nan. Mutanen masallacin wata unguwa sunka buɗe mana azuzuwan Islamiyyarsu, matansu suna aiko da tuwo da tabarmi da tufafin yara, mutanen da ba su taɓa ganinmu ba. Mu ma munka haɗa ɗan hatsin da ya tsira wuri ɗaya, tukunya ɗaya ake ɗorawa, Malama ce ke rabo, tsofaffi da masu goyo ake fara zuba wa.

Mus'ab bai kai wata uku ba. Tun a hanya yake kuka, an gwada kunu ya ƙi, an gwada madarar gwangwani ya amayar, har muryarsa ta dushe, maɗigarsa ta faɗa. Malama ta kira ni gefe ta tambaye ni ko ruwan nonona zai ishi biyu. Na ce ban sani ba, abinci ba ya isa, amma a ba ni shi. Ta ce in tsaya tukuna. Ta aika anka kira Marwan da baban su Binta da liman, ta ce a gabansu kowa ya sani, in yaron nan ya sha ya ƙoshi yadda shari'a ta faɗa, ya zama ɗana, Sadiya da Binta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada, kuma kada rikicin gudun hijira ya sa a manta. Marwan ya ɗaga kai alamar yarda. Baban su Binta ya ce ya yarda, Allah ya raya. Da na sa shi a ƙirji ya kama kamar zai cire mini rai. Tun daga ranar matan makarantarmu kowace sai ta rage loma daga kwanonta ta zuba a nawa, in na ce ya isa su ce ba ni suke ba, Mus'ab suke ba. Bilki kuwa ita ce ke goyon Binta yini guda don in samu hannu. Don haka ka yi sabon ɗa, Yaya, ka zama kawunsa. Ka ga kuwa ba za ni ɗauke shi in kai Ibadan ba alhali nan uwarsa za ta fara nema in Allah ya kuɓutar da ita, ba kuma za ni cire shi daga nono in tafi ba.

Na san za ka tambayi Ladan. Da ransa, amma ba shi ne wanda ka sani ba. Ashe shi bai gudu ba, ya tsaya yana sanar da mutane ta lasifika, a nan mutanen dajin sunka kama shi. Da sunka ce ya kira mutane ya ƙi, sunka fasa masa baki da gindin bindiga, ya sake ƙi. Sai sunka jawo matarsa sunka kwantar a ƙofar masallaci, sunka ɗora mata wuƙa a wuya. Bayan sun gama sunka watsar da su biyun sunka tafi. Da munka zo nan sai ya koma bayan katangar makaranta ya zauna, ba ya shiga sahu, ba ya cin abinci, in ya hangi mutumin garinmu sai ya rufe fuska da rawani. Wasu suna cewa da ya bari an yanka su da ya fi. Ni kaina, Allah ya sani, in na tuna muryar ba na son haɗa ido da shi, ko da yake ban san abin da za ni yi ba in da Sadiya anka kwantar a gabana.

Ana nan sai Uwa ta sa Sadiƙa ta ja mata sanda har bayan katangar, ta ce in biyo su da Mus'ab. Tsohuwar ta lalubo kan Ladan da hannunta, ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta ce masa ita ce ta ce wa Hadiyya su fita, in laifi ake rabawa to su raba tare, amma ita ta san masu laifin suna can daji da bindiga. Ta ce ba ta da ido, kuma wadda ke ja mata sanda an tafi da ita, ba za ta yarda a ƙara raba ta da wanda ke sanar da ita lokacin sallah ba. Sannan ta ce in miƙa masa yaron ya tofa masa addu'a. Ya ƙi karɓa, ya ce hannunsa bai cancanta ba. Ta ce ba a tambaye shi ba. Ya karɓa, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba, har mu ma munka kama. Tun daga nan mazan masallacinmu sunka raba kwana, kullum wani ya ɗauki kwanonsa ya je su ci tare. Ranar Juma'a sunka riƙo shi har cikin sahu. Marwan bai yi masa magana ba har yau, amma baban su Binta ya ce da anka tada sallah kafaɗarsu ce ta haɗu, kuma Marwan bai matsa ba. Kiran sallah dai bai koma yi ba, ya ce in ya buɗe baki maƙogwaronsa rufewa yake yi. Ba wanda ya matsa masa.

Kada ka ɗauka hankalinmu ya kwanta. Ko nan cikin gari in babur ya wuce da gudu sai ka ga mata sun zubar da abin da ke hannunsu. Sadiya ba ta yarda ta je bayan gida ita kaɗai. Ga gero ya nuna a gona, tsuntsaye suna ci, in ba a yanke ba yunwa ce za ta ƙarasa abin da bindiga ta bari. Mazanmu sun yanke shawara a masallaci za su koma gayya jibi da rana tsaka, su fara da gonakin matan da anka kashe wa maza da ta Marwan, wasu suna yanka wasu suna kan itace suna duban hanya. Baban su Binta yana ciki. Na roƙe shi ya bari, ya ce in kowa ya bari wa zai ciyar da masu shayarwa. Tun da ya faɗa, tilasta wa kaina cin abinci nake yi saboda yaran nan biyu. Don Allah ka sa a yi mana addu'a a masallacinku ranar, ka ambaci sunansa, ka ambaci Hadiyya da waɗanda ke tare da ita.

Maganar Inna kuwa na isar mata da saƙonka, na ce ita ta bi direba ta taho tunda ba abin da ya ɗaure ta. Ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, amma yanzu ita ce ke riƙe wa Sadiƙa yara in ta fita neman itace, kuma matar da ta goya ta a baya ba za ta yi mata sallama daga cikin mota ba. In hanya ta yi sauƙi bayan kaka, ka zo da kanka ka yi mata magana, wataƙila ta ji taka. In kana da hali ka aiko da maganin ƙafarta da gidan sauro, zazzaɓi ya fara kama yara.

Mus'ab ya murmure, kumatu sun fito. Shekaranjiya ina shayar da shi ya saki nono ya dube ni ya yi murmushi, na farko a rayuwarsa, kuma ni ya yi wa. Na yi murna, sai kuma tsoro ya kama ni, domin wanga murmushi ba nawa ba ne. Ina tsoron kada uwarsa ta ƙi dawowa, ina kuma tsoron ta dawo ya ƙi ta. Na gaya wa Malama, ta ce mu riƙa kiran sunanta a kunnensa. Yanzu duk wadda ta ɗauke shi a cikinmu sai ta ce ɗan Hadiyya, Hadiyya tana zuwa. Uwa ta ba ni gyalen da ya faɗi daga kan Hadiyya a bakin gona, ba mu wanke shi ba, da shi nake rufe shi in yana sha.

Ka gaishe mini da Mas'uda, ka ce na gode da atamfar da ta aiko, mun raba ta zanen goyo. Ka shafa mini kan yara, ka ce goggonsu tana kewarsu. Ka gai da Malam Hafizullahi maƙwabcinku da duk mutanen Gobir da ke wurinku. Inna, Sadiya da babansu suna gaisuwa, Malama Saude da Sadiƙa ma haka. Bilki ta ce in gaishe ka, da bakinta ta faɗa. Allah ya tsare mu da ku, ya dawo da waɗanda ke daji lafiya, ya sada fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Radiyya.